Motar da Na Zaɓa wa Baffa Ilu

Shekara biyu ke nan da dawowata daga Makka, kuma sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Abokaina na bakin kasuwar Ringim, inda nake gyaran keke, ba su bar ni na huta ba. Kullum sai wani ya ce, "Alhaji Haruna, wai yaya ƙasar take?" Sai in ba su labarin raƙuma da shayi, in tsallake abin da ke cina. Karatuna bai wuce elementare ba, ina kuma tsoron in rubuta abin da ban tabbatar ba in ɗauki alhakin wani. Amma mu biyu muka tafi, ni da ƙanen mahaifina, Baffa Ilu. Ni kaɗai na dawo, kuma har yau ban san inda yake ba. Shi ya sa na daure. Duk inda ba idona ne ya gani ba, zan faɗa.

Mun tashi ba a daɗe da gama yaƙin Bama ba, wato yaƙin duniya na biyu, lokacin da taya ta yi wuya ko'ina, ta mota da ta keke. Baffa ya haura saba'in, gajere ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu, ga tsokana. Ranar tafiya 'yarsa, Yaya Asabe, ta ja ni gefe ta ce, "Haruna, ga shi nan. Shi ba ya jin magana, kai ba ka gajiya da ita, sai ku yi ta fama. Ka dai dawo mini da shi."

Baffa ya ji. Ya ce, "Wannan ne zai tsare ni? Mutumin da ke maimaita alwala sau uku don yana shakkar kunnensa?"

Gaskiya ya faɗa. Haka Allah ya yi ni.

Daga Maiduguri zuwa Far Lami ba abin da ya same mu sai ƙura da ciwon baya. A kan iyakar Adare wani soja ya kwance ƙunshin daddawar Baffa, ya shinshina, ya ja da baya kamar an mare shi. Baffa ya yi ta nuna bakinsa yana cewa abinci ne, amma sojan ya ɗauke ta da tsinin bindiga ya jefar a rami. Kwana uku Baffa yana yi mata ta'aziyya. A Sudan muka haɗu da kisira, wata gurasa mai tsami, siririya kamar takarda. Baffa ya ce shi bai taɓa cin wasiƙa ba sai a ƙasar nan.

Tsakanin Fashir da Ubayyid tubun tayar bayan motarmu ya yage, babu na canji. Da na ce ni mai gyaran keke ne, sai direban ya ba ni wuri. Na fito da sholishona na yi faci uku, suka riƙe har yamma. Da suka saki, muka yanki busasshiyar ciyawa muka cusa a cikin tayar har ta tashi, muka shiga gari tana hayaƙi kamar ana ƙona gona. Daga ranar fasinjoji suka fara kirana Usta, wato gwani. Duk motar da za a shiga sai a ce in je in duba ƙafafunta. Na rubuta wannan ne don a san inda kaina ya fara kumbura.

Jirgin ƙasa ya kai mu bakin teku. A Sawakin aka tsare mu kwanaki ana yi mana allura. Daga inda aka ajiye mu ana hango tsohon garin, benaye farare masu tagogin katako, da yawansu babu kowa a ciki sai kyanwoyi. Da rana tsaka sai ka ji taga ta buɗe ta rufe, alhali ba a jin iska. Jirgin ruwa kuwa ban ga komai ba a cikinsa sai gindin bokiti.

A Makka mun sauka a Misfala, kudu da Harami, a gidan wani Bakatsine, Baba Tanko, wanda ya yi shekara talatin a can. A kan soro muke kwana. Da safe a ci ful, wato wake da aka dafa har ya farfashe, da gurasa mai faɗin faifai, a kora da shayi a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba. Ruwa a garwa ake kawo shi, kuma yawancin masu ɗaukarsa mutanenmu ne. Ka yi wa jikokin gidan Hausa su amsa maka da Larabci. Abin da ya fi ruɗa ni agogonsu: da faɗuwar rana ƙarfe sha biyu ke bugawa. Na yi mako ina tambayar duk wanda na gamu da shi ko azahar ta yi. Idan an kira salla, mai kanti sai ya yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi. Na tsaya gadin kantin wani har ya dawo, ya dube ni kamar mahaukaci.

Aikin hajji ba zan ba da labarinsa ba, malamai sun fi ni. Na dai ga Baffa ya yi kuka a Arfa, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Ya cika hajjinsa, wannan kam na shaida.

Sana'ar Baba Tanko yanka tsofaffin tayoyi, yana yin takalma da guga. A bayan gidan ya tara su har sun fi tsawon mutum. Da la'asar, idan zafi ya fara sauka, sai tarin ya riƙa ƙara a hankali, kamar mutane da yawa suna juyi a kan tabarma. Shi bai ko ɗaga kai. Kafar yake ce wa taya, irin na mutanen can, kuma yana maganarsu kamar mamata.

"Wannan kafar a Rabig ta mutu," in ji shi, yana shafa ta. "Ka ga gishiri a jikinta? Wannan kuwa dutse ne ya kashe ta. Waccan, ya hajji, ba abin da ya taɓa ta. Daga ciki ta dahu. Direbanta mai sauri ne."

Na ce, "Mutanen da ke cikin motar fa?"

Ya ce, "Ni kafar ake kawo mini."

Na yi kwana goma sha ɗaya ina zama a wurinsa ina taya shi yanka, muna hira.

Saura ziyarar Madina. A tashar motoci da ke bakin gari akwai direbobi biyu, duka 'ya'yan Hausawa haihuwar Makka, waɗanda kowace shekara suke tsere. Wanda ya riga isa shi ke fara samun lodin dawowa, amma na lura ba lodin ne ya fi damun mutane ba. A shagon shayin tashar an rabu biyu kamar 'yan kallon dambe. Ɗaya Hamza, saurayi mai koriyar mota, wanda aka ce ba ya tsayawa sai salla. Ɗayan Usta Sale, dattijo mai shuɗiyar mota da ta kode. Ana yi masa dariya wai yana shafa tayoyinsa kamar mai sayen ragon layya.

Ni kaɗai na je duba motocin. Ban tambayi Baba Tanko ba. Ni da nake tambayar mutum uku kafin in sayi allura, wannan abu ɗaya na yi shi babu ko ɗigon shakka, don ina ganin sana'ata ce. A wurinmu tayar kirki ita ce mai haƙora, wadda aka cika da iska har in ka buga ta yi ƙara. Na zaga koriyar mota: tayoyi baƙi wuluk, zanensu zurfi, tauri kamar dutse. Na zaga shuɗiyar: tayoyi masu faɗi, sun suɗe sumul, ga su lagwab kamar sun sace.

Da na ce mu biyu ne, ni da tsoho mai ciwon ƙafa, Usta Sale ya ce, "Kawo tsohon gaba kusa da ni, kai ka zauna bayansa. Akwai wuri."

Na ce, "Usta, tayoyinka sun mutu."

Ya dube ni ya ce, "Daga ina?"

"Daga ƙasar Kano. Gyaran taya ne aikina."

"Tayyib," in ji shi, wato to madalla, ya ci gaba da abin da yake yi.

A motar Hamza wuri ɗaya ya rage, a gaba. Na kama wa Baffa shi. Ni kuma na ce zan bi shuɗiyar, don in wani abu zai faru, ya faru a kaina. Da safe na ɗaga Baffa na zaunar da shi, na naɗe masa bargo a ƙarƙashin ƙafar. Na yi ta jaddada wa Hamza ya kula da shi har ya gaji ya ce, "Halas, ya ammi," wato shi ke nan, kawu, "babana ne."

Baffa ya leƙo ta taga ya ce, "Sarkin shakka, yau ka yi abin kai. Zan riga ka gaida Manzon Allah. In ka iso ka nemi mai dabino a baki, ni ne."

'Yan shagon shayi suka yi ihu, motocin suka tashi tare. Kafin mu wuce Jidda ko ƙurarsu ba ma gani.

Bayan Jidda kwalta ta ƙare. Babu hanya, sai sawun motoci barkatai a kan rairayi, kowa ya bi wanda ya ga dama. A nan na ga aikin Usta Sale. Da mun shiga rairayi sai ya tsaya ya ƙara rage iska, motar ta riƙa tafiya a sama kamar raƙumi. Da mun hau tsakuwa sai ya sake tsayawa, ya miƙo mini famfo. "Zo, gwanin Kano." Na yi ta bugawa har kafaɗuna suka mutu. Kowace tsayawa sai ya zaga ya ɗora tafin hannu a kan kowace taya, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. In ya kasa barin hannun a kai, ba ma motsawa. Da rana ta take ya shiga inuwar wata rumfar shayi, ya rufe tayoyin gefen rana da tabarmi, ya kwanta. Da la'asar ya sa muka musanya ta gaba da ta baya.

Fasinjoji suka yi ta gunaguni. Wani Bazazzagi ya ce, "Mu Madina muka biya, ba jinyar taya ba."

Usta Sale ya ce, "Iskar da ke ciki tana kumbura in ta ji zafi. Ka cika ta tun da safe, ka yi gudu da ita da rana, ina za ta je? In kana sauri, ya hajji, ga hanya."

Na ji maganar, amma na ce wa kaina ai na Hamza sababbi ne.

A Rabig aka ce mana koriyar mota ta wuce da rabin yini. Washegari da hantsi, bayan mun wuce Mastura, na fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa a kan rairayi, dogaye, a lanƙwashe kamar saɓar maciji. Ɗaya, sai can wani, sai suka yi yawa. Usta Sale ya tsaya ba wanda ya ce masa. Ya ɗauko guda ya miƙo mini. Ɓawon taya ne, zanensa da zurfi, zare fari na leƙowa daga gindin kowane zane.

"Duba da kyau, kai da ka san aiki," in ji shi. Ba da gatse ya faɗa ba.

Na duba. Layukan ba su daidaita ba. Wani ya fi wani faɗi, a bakin kowanne akwai ɗan ƙuna. Ba daga kamfani zanen ya zo ba. Suɗaɗɗiyar taya ce aka zana wa haƙora da wuƙa mai zafi, aka shafe ta da baƙin mai.

Gaba kaɗan sawun koriyar motar ya bar na sauran motoci ya yi dama, wajen duwatsu. Usta Sale ya ce yankan hanya ne, yana rage sa'o'i, amma babu rijiya. Ya ce rai arba'in ke wuyansa, ba zai bi ba. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa a gaban mutane. Ya dubi sama, sannan ya ce, "Tafiyar sa'a ɗaya. Ko mun gani ko ba mu gani ba, zan juyo."

Ba mu cika sa'ar ba muka ga koriyar motar. Tana tsaye a fili, ta karkata, tayoyi uku a yage, ƙarfen ya nutse cikin ƙasa. Ƙofofin gaba a buɗe. Babu kowa. Kaya suna nan a baya, tuli, an ja tamfol a kansu. A gefe an ƙona tayar canji don a yi hayaƙi, sai toka da zoben waya suka rage. A kan matakala akwai kofin shayi, da saura a ciki. Sawun ƙafa ya rabu biyu, wasu sun yi gabas, wasu sun yi arewa. Mu arba'in muka sauko muka kewaye ta. Ban taɓa jin shiru irin wannan da rana tsaka ba.

Na leƙa gaba. Bargon yana nan a naɗe inda na sa shi. Na duba ƙarƙashin motar. Na yi kira, "Baffa! Baffa Ilu!" Muryata ta je duwatsu ta dawo.

Sai na ji abu daga bayan motar, ƙarƙashin tamfol. Sau biyu, kamar an buga katako da hannu.

Na waiga. Usta Sale ya ce iska ce. Kuma lalle iska ta taso, sararin arewa ya yi ja, mata suka fara salati. Usta Sale ya danna hon, ya ce in guguwar ta rufe sawunmu, mu ma nan za mu zauna. Na kama ƙarfen bodin koriyar motar zan hau. Ya ƙone mini hannu, na saki, na faɗo. Hon ya sake ƙara, motarmu ta fara motsi. Na ce wa kaina ai ba za a tafi a bar tsoho cikin kaya ba. Na ruga na hau tamu.

Ban ɗaga tamfol ɗin ba. Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba, har Yaya Asabe.

Mu muka riga isa Madina. Mutanen tasha suka kewaye motar suna tafi, suna kiran sunan Usta Sale. Bai sauko ba, ya kifa kansa a kan sitiyari. Na kai rahoto, aka rubuta suna. Na yi ziyara, amma Allah ya gafarta mini, idona yana kan ƙofa.

Bayan kwana huɗu mutanen koriyar mota suka fara isowa, kashi biyu. Hamza ya zo tare da wasu masu raƙuma, leɓɓansa a fashe. Ya rantse mini tsohon ya bi waɗanda suka tafi neman rijiya da ƙafa. Na sami waɗancan. Wata mata 'yar Haɗeja ta ce a'a, ƙafarsa ba ta iya ba, sai suka gyara masa wuri a inuwa tsakanin kaya, ƙarƙashin tamfol, suka bar masa ruwa, don masu raƙuma su ɗauke shi. Na tambaye ta ko ta gaya wa Hamza. Ta ce ta zaci ya gani. Wani kuma, Babarbare, ya ce shi da idonsa ya ga an ɗora wani gajeren tsoho a raƙumin wasu Larabawan dabam, sun nufi wajen teku, tsohon yana ta yi musu surutu suna dariya. Amma ya ce a lokacin ƙishirwa ta sa yana ganin abubuwa da yawa.

A hanyar dawowa Usta Sale ya sake ratsewa domina. An riga an ja motar, ba mu san wa ya ja ta ba. Sai yagaggun tayoyin nan uku, rairayi ya binne rabinsu. Na zaga wurin har sau bakwai ina neman tudu ko jerin duwatsu irin na kabari. Ban ga komai ba.

Da na koma Misfala na ajiye ɓawon tayar a gaban Baba Tanko. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Hannuna ne."

Na ce, "Kai ka zana ta?"

"Hamza ya kawo, ya ce fasinja ba sa shiga mota sai sun ga haƙora, musamman mutanenmu. Na ce masa a cikin gari kawai za su yi. Wallahi na faɗa masa." Ya ajiye wuƙarsa. "Kwana goma sha ɗaya kana zaune nan, ɗana. Me ya hana ka tambaye ni?"

Na ƙara wata biyu a Makka. Na bi gidajen Hausawa na Misfala ɗaya bayan ɗaya, na bi masu ɗaukar ruwa, na zauna a ƙofofin Harami ina kallon ƙafafun tsofaffi. Da jirgin ƙarshe zai tashi, na shiga.

Yaya Asabe ba ta zage ni ba. Da ma ta yi. Abu ɗaya take tambayata duk ranar Juma'a in na je gaishe ta: ta tara malamai a yi masa addu'ar mamaci, ko ta jira? Liman ya ce ni ne na je, ni zan faɗa. Ni kuwa bakina ya ƙi.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, alhazan bara da na bana, da 'yan'uwanmu mazauna Makka, Jidda, Rabig da Yanbu. Sunansa Iliyasu, ana ce masa Ilu Mai Goro, mutumin Ringim. Gajere ne, baƙi, yana ɗingishi da hagu, ba ya jin Larabci amma hakan ba zai hana shi magana ba. In kun gan shi da rai, ku gaya masa Asabe tana jira. In kun ji an binne wani tsoho Bahaushe a yankin Mastura, ku faɗi wanda ya yi masa salla. Sannan akwai mutumin da ya ja koriyar motar nan, ko ya sauke kayanta. Shi ya ɗaga tamfol ɗin. Don Allah, duk wanda ya san shi ya tambaye shi abin da ya gani, ya aiko mini a rumfar masu gyaran keke ta kasuwar Ringim. Ko mene ne, kada a sassauta mini. A rubuto shi yadda yake.